Fijo 504: Tarihin motar da ta yi ta kawo mu Ikko tana mayar da mu gida



Kwanakin baya wata lalura ta kai ni wani filin 'yan gwangwan a hanyar Ikorodu. Ina tsaye ina jiran wanda na zo nema, sai na hango yara biyu, duka 'yan gida ne, sun sa wata tsohuwar Fijo 504 wagon a gaba da guduma da kurfi. Sun riga sun cire ƙofofi, inji yana gefe guda a ƙasa, saura gangar jiki. Na matsa na ce wa babban cikinsu, "Samari, ka san ko wace mota ce wannan kake sara?" Ya ɗago ya share gumi ya ce, "Baba, ƙarfe ne mai nauyi, irin na da. Yana kawo kuɗi a sikeli." Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Amma na koma gida raina ba daɗi, domin a cikin irin wannan motar na fara shigowa Ikko, kuma na tabbata da yawa daga cikin dattawan da ke karanta wannan rubutu haka suka shigo.

A ƙasashen Turawa akwai mutanen da ke sayen tsofaffin motoci da tsadar da ta fi ta sababbi. A Jamus, mota in ta shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana iya ba ta lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, alamar cewa kayan tarihi ce. A Ingila in ta shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya. A watan Mayun 2022 aka sayar da wata Marsandi ƙirar 1955, wadda ake kira 300 SLR Uhlenhaut, a kan yuro miliyan 135. Wannan wasan attajirai ne, ba namu ba. Mu abin da ya shafe mu shi ne dalilin da ya sa har yau za ka ga dattijo mai halin sayen sabuwar mota ya riƙe tsohuwar Fijonsa ko Marsandinsa ya ƙi saki, 'ya'ya na ta yi masa magiya. Wasu za su ce sabo ne kawai, ko kuma tuna bara. Akwai wannan, amma akwai abin da ya fi shi, kuma sai an bi tarihin motar kafin a gane.

Kamfanin Peugeot, wanda bakinmu ya mayar Fijo, bai fara da mota ba. Iyalin gidan sun fara sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa tun 1810, suna yin zarto da injin niƙa kofi, daga baya kekuna. Zakin nan da ke gaban motar asalinsa tambarin zarto ne, ana nufin haƙoransa kamar na zaki. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 suka shiga ƙera mota. Wadda ta fara kafa musu suna sosai a Afirka ita ce 404, da ta fito a 1960, shekarar da Najeriya ta sami 'yancin kai. Ita ce a-kori-kurar da ta yi ta ɗaukar buhunan hatsi da awaki da 'yan kasuwa daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma ita ce tasin manyan garuruwa kafin wata ta gaje ta.

Sunan bai zo a banza ba. A Gabashin Afirka ana yin wata tseren motoci mai wahala da ake kira Safari, ana ratsa Kenya da Uganda da Tanganika cikin taɓo da duwatsu da ƙura, tafiyar dubban kilomita. A 1963 motoci sama da tamanin suka tashi, bakwai kaɗai suka kai ƙarshe, kuma 404 ce ta zo ta ɗaya. Ta sake lashewa a 1966 da 1967 da 1968. A lokacin babu tallar da ta fi wannan, domin hanyoyin da aka yi tseren a kansu irin namu ne.

A 1968 aka fito da 504 a bikin baje kolin motoci na birnin Paris. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, da fitilun nan masu kusurwa da but mai gangarowa ƙasa, wanda ko daga nesa ka hango shi ka san ita ce. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Wagon ɗinta ta biyo baya a 1971. Ita ma ta je Safari ta lashe a 1975, sannan a 1978.

Me aka sa mata da ya dace da ƙasarmu haka? Makanikan da suka tsufa a kanta za su gaya maka abu uku ko huɗu. Na farko, tana da tsayi daga ƙasa, kuma sifirin da shokazoba ɗinta suna da doguwar tafiya, wato taya na iya faɗawa rami ta fito ba tare da cikin motar ya daki ƙasa ba. Na biyu, tayoyin baya ne ke ja, kuma sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kare ta. In ka loda mata kaya, nauyin yana sauka ne a kan tayoyin da ke ja, sai ta ƙara kama ƙasa. Wagon kuwa an ba ta aksul guda ɗauke da sifirin huɗu a baya, shi ya sa take ɗaukar lodin da ya fi hankali. Na uku shi ne injin. Silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe guda, girmansa ya kusa lita biyu, kuma ramukan da fistin ke kai-kawo a ciki ba a jikin bulok aka haƙa su ba, silif ne da ake zarewa. In inji ya gaji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai a zare silif da fistin da ringi a sa sababbi, inji ya koma kamar jiya aka sayo shi. Ana iya yin wannan a gindin bishiya, da sifana da jak da yaro ɗaya mai miƙo kaya. Akwai injin da aka yi wa haka sau uku, sau huɗu, yana nan yana aiki.

Sai kuma batun Kaduna, wanda shi ne ya mayar da motar Faransa ta zama tamu. Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje a riƙa harhaɗa motoci a cikin gida. Aka kafa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. A shekarar ce kuma Volkswagen ya buɗe tasa a Ojo, kan hanyar Badagry, inda har yau ake kiran tashar bas ɗin wurin Volks, ko da yake yawancin masu sauka a nan ba su san dalili ba. Can ake haɗa Beetle, wadda Yarabawa suka sa wa suna Ijapa, wato kunkuru, da wata da aka kira Igala. Daga baya aka sami na manyan motoci: Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, da ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu.

Akwai wani abin mamaki a tarihin PAN da ba kowa ya sani ba. Lokacin da masana'antar ta fara aiki, tashar jiragen ruwa ta Apapa a cushe take. Shekarar ce aka yi odar siminti fiye da kima, ɗaruruwan jirage suka yi layi a teku wata da watanni suna jiran sauke kaya. Da an ce sassan mota su biyo ta nan, da Kakuri ta zauna ba aiki. Sai aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA na Faransa suka riƙa tashi daga birnin Lyon cike da sassan Fijo suna sauka a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. An shekara da shekaru ana haka. Wato Fijon da mahaifinka ya saya a wancan zamani, mai yiwuwa ta sama ta shigo ƙasar nan, gunduwa-gunduwa, ta Kano.

Masu saye kuwa sun samu. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya, ma'aikata suka wayi gari da kuɗi a hannu. Ga bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikaci in ya kai wani mataki. Naira a lokacin ta fi dala daraja, sabuwar 504 'yan dubban naira ce. Malamin sakandare, ma'aikacin banki, hafsan soja, ɗan kasuwar goro a Shagamu, kowa na iya sa rai.

Wani abu kuma ya ƙara mata girma. Ranar 13 ga Fabrairun 1976 aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammad, Allah ya jiƙansa, a cikin baƙar Marsandinsa a kan hanyarsa ta zuwa ofis a Ikko. Motar tana nan a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da ramukan harsashi a jikinta. Wanda bai taɓa kai 'ya'yansa su gani ba, ya kamata ya kai su. Gwamnatin Janar Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da Fijo 504 motar hukuma, daga manyan jami'ai har sama. Tun daga nan, shekara da shekaru, in ka ga jerin gwanon 504 ka san gwamnati ce ke wucewa. 'Yan sanda ita, kwastan ita, asibiti ita ce motar ɗaukar marasa lafiya. Amfanin wannan ga talaka shi ne, tunda motar ta cika ƙasa, kayan gyaranta ma sun cika ƙasa. Babu garin da za ka tsaya, komai ƙanƙantarsa, ka rasa mai sayar da fanbel ko fulogi ko kwantak na Fijo, ka kuma rasa wanda ya iya sa su.

Mu mazauna Kudu, wagon ce tamu. Layin kujeru uku, an yi ta don mutum bakwai ko takwas, amma 'yan kamasho sun san yadda ake ƙara lissafi. A tashi daga Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun da asuba ko da yamma, a bi Oyo da Ogbomosho, a sha iska a Ilori, a haye gadar Jabba, a tsaya Makwa a yi salla a ci abinci. Masu zuwa Kaduna da Zariya da Kano su bi ta Tegina da Birnin Gwari, a lokacin da mutum ke ratsa dajin nan da tsakar dare ba ya tsoron komai sai barcin direba. Masu zuwa Sakkwato su miƙe ta Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega. Tafiyar sama da kilomita dubu, but a ɗaure da igiya saboda ya ƙi rufuwa, ga buhun garin rogo, ga jarkar manja, ga huhun goro na tsaraba. Wanda ya zauna a kujerar can baya gwiwarsa na taɓa haɓarsa, ba zai manta ba. A cikinta aka kai amare, a cikinta aka kai kuɗin gida kafin a san tura kuɗi ta waya, direban da aka amince da shi ya zama banki ya zama gidan waya. A cikinta kuma aka mayar da gawarwakin waɗanda suka bar wasiyya a binne su a gida.

In ta lalace a hanya, wanda kuma takan yi, ba a cika kwana a daji ba. Direba zai buɗe bonet, ya cire murfin distirbuta, ya goge kwantak da 'yar takarda mai kaushi, ya hura kafireta da baki, fasinjoji su sauko su tura, ta tashi. Na taɓa ganin famfon mai ya mutu, aka ɗaure galan a saman mota aka jawo tiyo zuwa kafireta, mai na gangarowa da kansa, haka muka isa gari na gaba. Tanki in ya tsage a shafa sabulu. Waɗannan dabaru ba abin alfahari ba ne ta fuskar tsaro, amma suna nuna abu guda: mai motar ya san motarsa ciki da waje, kuma abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na kai wa gare shi.

'Yan uwanmu na Nijar suna da nasu labarin da ita. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 da araha a Faransa, su haye teku zuwa Aljeriya, su ratsa Sahara ta Tamanrasset su ɓullo Arlit da Agadas, su sayar da ita a nan ko su ƙarasa Yamai ko Kwatano, su sayi tikitin jirgi da ribar su koma gida. Motar da Bature ya gama da ita, ta ratsa hamada da ƙafarta, sannan ta fara sabuwar rayuwa ta shekara ashirin tana jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, ta koma kan 505 da waɗanda suka biyo baya. Amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya ma ta ci gaba, Kaduna kuwa ba ta saki ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Wato an fi shekara ashirin ana haɗa ta a Kakuri bayan masu ita sun bar ta. A duniya gaba ɗaya an ƙera sama da miliyan uku.

Abin da ya karya ta ba wata mota ba ce, naira ce. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka saki darajar naira. Tunda yawancin sassan daga waje ake sayo su da kuɗin waje, farashin sabuwar mota ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikacin da ke sa rai ya cire rai. Sai ƙofar gwanjo ta buɗe: motocin da Yarabawa ke kira tokunbo, mu kuma mu ce Beljiyam ko 'yar Kwatano. Filin Berger a Apapa ya cika, kasuwar Ladipo ta bunƙasa da injuna da sassan da aka kwance daga Turai. Aka shiga zamanin Marsandi V-boot da Baby Benz, sannan Honda da Toyota da sunayen da 'yan Najeriya ke laƙa musu, wannan Bulldog, wancan End of Discussion. A tasha kuma Golf da Sharon da Sienna da bas ɗin Hiace suka ture wagon gefe. Masana'antar Ojo ta yi shiru. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a PAN, bayan 'yan shekaru bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi. Yau akwai sabuwar masana'antar Fijo ta haɗin gwiwa da Ɗangote a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, amma motocin da take haɗawa na wannan zamani ne, ba su da alaƙa da 504 sai zakin gaba.

To yanzu a kwatanta tsakani da Allah, domin masu son tsohuwar mota sukan wuce gona da iri. Za ka ji ana cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani, ko jingina ka yi da ita sai ta lotsa. Lotsewar nan da gangan aka yi ta. Ana ƙera gaban motar zamani ne don ya murƙushe ya shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune ya tsira. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin hatsarin mota, ta haɗa Chevrolet ƙirar 1959 da Chevrolet ƙirar 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da girmanta da nauyinta, ita ce ta ruguje har wurin zaman direba, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. Hoton bidiyon yana nan a intanet, gani ya kori ji. Fijo 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma duk wanda ya yi zamani da ita ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda wagon ta yi taho-mu-gama da tirela a hanyar Jabba ko ta Zariya. Ba a manta da wannan don ana son ta.

Ga kuma shan mai. Kafireta ba ta iya auna mai yadda kwamfutar mota ke aunawa. Lokacin da lita ba ta kai naira ɗaya ba, ba wanda ya damu. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, wannan ya zama magana babba. A cunkoson Ikko kuma tana zafi, lagireto na tafasa, ga tsatsa da iskar teku ke jawowa, tana cin ƙasan ƙofofi da wurin ajiye ƙafa. Wanda zai fita aiki kullum daga Agege zuwa Island, Corolla ta fi masa, ba gardama. Tana tashi da bugu ɗaya, tana da sanyi, kuma takan yi tafiya mai nisa kafin a taɓa buɗe injinta.

Inda tsohuwar ta fi, a ganina, wuri ɗaya ne, amma wurin babba ne. Motar zamani in fitilar inji ta kama, kai da makanikenka duk kun zama baƙi. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake jona na'ura a karanta abin da ke damun mota, kuma yawancin tokunbo ɗinmu daga can suke. Abu ne mai kyau in akwai na'urar da wanda ya iya karanta ta. In babu, sai a shiga canje-canje: a canza wannan sensa, a canza wancan, a ce birenbos ne, a kawo na gwanjo daga Ladipo, bai dace ba, a mayar. Makulli in ya ɓace sai an nemo mai kwamfuta ya haɗa wani. Giyar otomatik in ta tafi, sau da yawa ba a gyarawa, sai dai a sayo wata. Har ɓarayi sun sami sabuwar sana'a, suna kwance abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Mota ta zama abin da kake hawa amma ba ka san shi ba. Dattijon da ya riƙe 504 ɗinsa yana riƙe ne da motar da in ta yi tari ya san abin da ke damunta, in ya kai ta gareji ba a yi masa rufa-ido, kuma in ya ga dama ranar Asabar ya shimfiɗa tabarma ya gyara abarsa da kansa, jikoki na kallo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma a nan ba tsufan ne maganin ba, sanin kan abin ne.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye. Duk motocin yanzu sun yi kama da juna, sai ka duba tambari kafin ka bambance. Amma ka shigo taron biki da 504 mai tsabta, fenti na asali, kujeru ba yagewa, ka ga yadda dattawa za su bar masu manyan jif su zagaye ka, kowa da labarin da zai ba ka: wannan irinta ubangidansa ya ba shi ya fara haya, wancan a irinta aka kai shi filin jirgi zai tafi Makka. A Iran, tsohon shugaban ƙasa Mahmud Ahmadinejad ya yi gwanjon farar 504 ɗinsa ƙirar 1977 a shekarar 2011 don a gina wa mabuƙata gidaje, aka ruwaito an saye ta kusan dala miliyan biyu da rabi. Ba ƙarfen aka saya ba, wanda ya hau ta aka saya. A Faransa ma yanzu masu tara tsofaffin motoci na neman 504, musamman mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda ba a yi da yawa ba.

Namu na Kaduna, SR da GR da sauransu, ba za su yi irin wannan kuɗi ba, kada wani ya ji wannan ya ɗauka taska ce a bayan gidansa. Amma suna ƙarewa, kuma ta hannunmu suke ƙarewa. Sana'ar gwangwan a Kudu yawanci 'yan Arewa ne ke yin ta, daga mai tura kura yana bin unguwa har dilan da ke loda tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo. Motar da aka haɗa a Kakuri, ta yi shekara talatin tana kai-kawo tsakanin Kano da Ikko, ƙarshenta ta zama rodin gini. Ba kowace ce ta cancanci a cece ta ba, wadda tsatsa ta cinye ƙashin bayanta ta gama. Sai dai a cikin goma akan sami ɗaya da jikinta ke da lafiya, an ajiye ta ne kawai saboda mai ita ya rasu, magada ba su san abin da za su yi da ita ba. Irin wannan, dilan da ya san abin da yake hannunsa zai fi samun riba in ya nemi mai so, maimakon ya ɗora ta a sikeli. Ko ba a sayar da ita ɗungurungum ba, fitilu da gilasai da dashbod da ƙarfen ado na gaba da baya duk abin nema ne ga masu gyara irinta, domin an daina yin su, kuma abin da ya rage a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano kullum raguwa yake.

Wanda kuma ya gaji irin wannan mota yake tunanin tayar da ita, ya fara duba ƙasanta kafin injinta, domin inji ana sake shi, ruɓaɓɓen jiki kuwa ba ya jin magani. Ya nemi takardunta na asali ya adana, har da 'yar farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi. Ya nemi tsohon makaniken Fijo tun yana da sauran ƙarfi, domin yaran gareji na yanzu da yawansu ba su taɓa saita kafireta ba. Kuma kada ya ce zai yi tafiyar dare da ita zuwa Arewa da iyali a ciki.

Kafin in bar filin nan na hanyar Ikorodu, na tambayi yaron ko zakin gaban motar yana nan. Ya tona cikin tarkace ya ciro shi, ƙafa ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Na ce nawa, ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba ya hawa sikeli, ɗauka kawai." Na ba shi kuɗin shayi duk da haka, na karɓi lambarsa. Ya ce mini akwai wata a-kori-kura 404 da ubangidansa ya yi ciniki a Shagamu, mako mai zuwa za a jawo ta, kuma an ce har yanzu tana tashi. Na ce masa kada su sa mata guduma sai na zo na gani.